Jan Layin Ɗakin Cin Abinci

A jikin bangon ɗakin cin abincin gidan mishan ɗin da nake girki, a da akwai wani jan layi, daidai haɓata in na tsaya. Da fentin mai aka ja shi, tun daga bakin ƙofa har zuwa taga. Baƙi in sun zo suna ɗauka ado ne, har wata baƙuwa ta taɓa yabon wanda ya yi fentin. Ni kuwa duk sanda na ratsa ta wajen da tukunya sai na kau da kai.

Gidan na yaran titi ne, waɗanda ake tsinto su a tasha da bayan kasuwa da ƙarƙashin gada. Madam ce ta buɗe shi, wata Baturiya 'yar mishan da ta baro ƙasarsu tun kafin furfura ta kama ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai imani. Na ga ta wanke gyambon da ni kaina sai da na toshe hanci, na ga ta durƙusa tana cire wa yaro ƙwarƙwata tana rera waƙar coci da gurɓatacciyar murya. Amma kuɗin gidan ba nata ba ne. Cocinsu na can ƙasar waje ke aikowa, su kuma sun ce na yara ne, daga ƙanana zuwa 'yan shekara goma sha biyu. To yaron da ya tashi a kan bola, wa ya rubuta ranar haihuwarsa? Ka tambaye shi shekarunsa ya ce maka bakwai, gobe ya ce ashirin. Shi ne Madam ta samo tsayin da aka ce ɗan sha biyu kan kai, ta sa aka ja layi.

Duk bayan 'yan watanni, in an idar da addu'ar safe, sai a jera su ba takalmi. Mai gadi ya ɗora wa yaro rula a ka. Wanda ya wuce layi a yi masa addu'a, a ba shi Littafi Mai Tsarki da jaka da sababbin silifa, a miƙa shi wajen wani bakanike ɗan cocinmu ya koyi sana'a. Kowa ya san kwanan yaran can a cikin matattun motoci ne, kuma kafin silifan su tsinke yawancinsu sun koma inda aka ɗauko su. Kowa ya sani, ba dai mai faɗa.

Kwalba da Murfi tare aka kawo su. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya. An same su suna tsintar kwalabe, babban yana gaba da buhu, ƙaramin yana manne da shi, shi ya sa yara suka raɗa musu sunayen nan tun ranar farko. Murfi yaro ne mai sanyin jiki, ga shi yana fitsarin kwance, abin da a gidan yara maza ya isa a hana ka sakat har ka tsani ranka. Amma ba wanda ya taɓa tsokanarsa, domin kafin a buga ƙararrawar tashi Kwalba ya riga ya wanke zanin gadon ya shanya a bayan kicin ɗina, ya juya katifar. Wanda ya gani ma shiru yake yi, don Kwalba ba ya yawan magana amma hannunsa da nauyi.

Ni mai girki ce, ba na karatu, amma faranti na iya karanta shi. Na san wa ke lashe nasa, na san wa ke ɓoye burodi a aljihu. Sai na fara lura Murfi yana yin kumatu, wuyansa har da ninki, Kwalba kuma ƙashin wuya ya fito masa kamar maratayin kaya. Faranti yana dawo mini a share, amma ba cikin da aka zuba wa ne ya ci ba. Na sa ido. Da an ce amin sai Kwalba ya kai loma biyu, sauran ya zame wa ƙanensa a hankali, ya cika cikinsa da ruwa.

Daga nan na ga sauran. Yaron da da sai an yi da shi kafin ya ɗebo ruwa, yanzu shi ke rige-rigen ɗaukar babban bokiti, kuma a ka yake ɗaukarsa, ya tsaya da shi a bakin famfo ba gaira ba dalili. Ashe wani ya ce masa kaya mai nauyi yana danne tsawo. Aski kuwa tal-kwabo yake sa a yi masa, yana cewa mai askin ya ƙara kankarewa. Na taɓa riskarsa a bayan banɗaki yana goge dugadugansa da dutse har suna jini. Tafiyarsa ma ta canja, ya ranƙwafa kamar tsohon da ke neman allura.

Ran nan na ja shi cikin sito na rufe ƙofa. Na zazzage shi tas. Na ce ni zai mayar 'yar iska, in tashi tun asuba ina shan hayaƙi shi yana wasa da abinci? Na ce in mutuwa yake nema ya fita waje ya neme ta, ba a kicin ɗina ba. Yana tsaye yana kallon buhunan shinkafa har na gaji na yi shiru.

"Mama, saura yatsa biyu," ya ce. "Na auna. In na wuce, wa zai wanke masa zani?"

Ya roƙe ni in rufa masa asiri, wai shekara ɗaya kawai yake so, kafin nan Murfi ya daina abin da yake yi, shi ke nan ko an kore shi ba komai. Na ce masa tsawo ba ya jin lallashi, na Allah ne. Ya ce ai awon da ya wuce bai ƙaru ba ko kaɗan, ke nan dabarar tana ci. Yana faɗa yana murmushi, yaron nan, yana alfahari. Ban taɓa tsanar bangon siminti ba sai ranar.

Na rufa masa asiri na wasu makonni. Nakan tura masa ɗan romo a kofi in ce ai ruwa ne, ruwa ba ya sa tsawo, wani lokaci ya sha, wani lokaci ya zubar a bayan idona. Sai wata Lahadi ana tsakiyar waƙa a coci, yana layin baya na mawaƙa, kawai ya sulale ya faɗi, kansa ya bugi benci. Aka yayyafa masa ruwa. Madam ta ce zazzaɓi ne, ta aika a kawo magani.

Ni dai ban iya haɗiye magana ba, duk wanda ya san ni ya san haka. Ana tashi na bi ta har ofis da tsumman hannuna a kafaɗa, ko sallama ban yi ba. Na ce mata ba zazzaɓi ba ne, layinta ne. Na faɗa mata na abincin, na bokitin, na dutsen, ban rage komai ba. Na ce kin tsamo yaro daga yunwar titi kin kawo shi inda tukunya ke cike ya zauna yana yunwa da kansa, wannan a wane shafi na Littafin aka rubuta shi?

Ta yi kuka, kukan gaske, har da majina. Ta ce ba ta sani ba, ta ce Allah ya gafarta mata. Da yamma ta ɗauko bokitin farin fenti da kanta, ta tara yara, ta shafe layin nan a gabansu, fenti yana ɗiga a siket ɗinta. Ta ce daga yau ba za a ƙara auna kowa a jikin bango ba. Yara suka yi ta tsalle suna tafi. Kwalba ya cinye faranti biyu a daren, ya amayar da rabi, ya dawo ya nemi ƙari. Ni kuwa na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi, har na sayi lemo na sha a hanya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Madam mace ce da ba ta iya ɓoye-ɓoye, sai ta buga wa mutanen cocinsu waya ta faɗa musu duk abin da ya faru. Su ma aka ce sun girgiza. Suka ce awon bango jahilci ne, bai kamata a yi wa ɗan Adam haka ba. Amma maganar shekara goma sha biyu tana nan daram, domin da wannan alkawarin suke karɓar baiko, wato sadakar coci, a hannun mutane. Abin da za a yi, a kawo likita ya duba yaran a ilimance.

Likitan ya zo da 'yar tocila da itatuwa irin na shan askirim. Mutumin kirki ne, yana ta yi wa yara wasa. Ya ce akwai turamen haƙori na can ƙurya da ba sa fitowa sai yaro ya kai wajen sha biyu, in sun fito sun zauna sosai to ya wuce. Yara suka jeru suna buɗe baki suna dariya, a zatonsu tsutsar haƙori ake nema.

Garin neman gira aka rasa ido. Yaran titi yunwa ta riga ta tsumburar da su, akwai 'yan sha huɗu da sha biyar da suka shekara suna fakewa a ƙarƙashin layin nan lafiya lau, ba wanda ya sani, wataƙila har su kansu. Bango bai gan su ba, tocila ta gan su. Kusan sulusin gidan aka ware. Kwalba na cikinsu, likita ya ce shi kam ya daɗe da wucewa.

Na koma ofis. Wannan karon ban yi faɗa ba, roƙo na yi, ni da ban iya roƙo ba. Na ce a bar min shi a kicin yana wanke-wanke, ya kwana a sito, abincinsa a cire daga nawa. Madam ta ce in ta bar ɗaya me za ta ce wa sauran? In kuma mutanen can suka ji ta saɓa, gidan gaba ɗaya za a rufe, ƙanana su koma titi. Ba ƙarya ta yi ba, shi ne abin da ya fi ci min rai. Ta riƙe hannuna idonta jajir ta ce aƙalla yanzu babu yaron da zai ƙara ƙin cin abinci. Na zare hannuna na ce tukunyata tana kan wuta.

Ranar tafiyarsu aka yi addu'a doguwa, aka raba jakunkuna da silifa. Sauran yaran da aka ware ba mai kallon Kwalba, sun san ta dalilinsa likita ya zo, na kuma san abin da ke jiransa a hannunsu in sun fita. Na ƙulla masa abinci a leda, ya karɓa bai ɗago ya dube ni ba. Murfi ya ƙanƙame ƙafarsa a bakin get yana ihu sai ya bi shi. Kwalba, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaron nan ko yatsa ba, ya ɗauke shi da mari. Ya ce in ya kuskura ya bari ya gan shi a titi sai ya karya masa ƙafa, ya zauna ya yi karatu har ranar da su da kansu za su ce ya tafi. Ya sa shi ya rantse. Sannan ya juya ya shiga motar da za ta kai su wajen bakanike.

Bayan sati biyu bakanike ya aiko cewa yaran sun watse, saura biyu, Kwalba ba ya cikin biyun. Wani ya ce ya gan shi wajen gada da kumburarren ido. Na je neman sa ranar hutuna, na zaga har ƙafata ta yi bororo, ban same shi ba.

A gida kuma Madam ta yi gaskiya, kowa yana cin abinci. Sai dai filayar mai gadi ta ɓace, aka nema aka rasa, bayan kwana biyu wani yaro ya fito da kunci kamar ya cusa ƙwallo, bakinsa yana wari. Madam ta ce ciwon haƙori ne. Ni na san inda filayar ta shiga, amma ban je ofis ba, na dafa masa ruwan gishiri.

Murfi ya koma abin tsokana, suna kiransa mai famfo, zaninsa ni nake wankewa. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a, kullum da safe kafin a shiga aji ya zo ƙofar kicin ya tsaya, ya wangale baki ya sa yatsa ya ja kuncinsa.

"Mama, duba min. Ya fito?"

Nakan goge hannu in leƙa in ce babu komai, ɗana, kwantar da hankalinka. Sai ya wuce aji. Yau da safe ya sake zuwa, na duba, na ga tsoron ya yi masa yawa, sai na durƙusa na dafa kafaɗarsa. Na ce ya daina damun kansa, shi ƙarami ne, haƙorin nan ba yanzu ba, yana da shekara biyu ko uku cur a gidan nan ba mai taɓa shi.

Yaron ya dube ni, hawaye suka zubo.

"Har uku?" ya ce. "Mama, ba abin da zan ci ya fito da wuri?"