Ruwan Dawa

Dawar Hannatu ta fara naɗe ganye, ga ruwa cike da tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakin garin Hajj Abdalla. Mufattish, mai duba gonakin hukuma, ya ce bana ruwa ya yi ƙaranci: auduga za ta sha, dawa ta jira. Audugar ta hukuma ce. Dawa kuwa ita ce tuwon jikokin Hannatu.

Da hantsi ta saɓi fartanya ta nufi ƙofar ruwa. Mai gadin ƙofar Butrus ne, Kirista, wanda yaƙin kudu ya koro. Kowa ya san ƙanensa ya shiga daji da 'yan tawaye, shi kuwa Butrus ya ƙi.

"Ya Hajja, ina zuwa da fartanya?"

"Gaishe ka na zo. In ba ka amsa ba, ita za ta gaida gaɓar tur'a."

"Kada ki fasa gaɓa, ruwa ya kwashe audugar hukuma. Ni kuma ba zan buɗe ba. A addininmu an ce mu bi masu mulki, Allah ne ya ɗora su. Abin da na gaya wa ƙanena ke nan."

"Malamanmu ma haka suke cewa, musamman waɗanda mufattish ke kai wa sukari," in ji Hannatu. "Ɗan nan, kuna da Annabi Musa a wajenku?"

"Muna da shi."

"To, Fir'auna ba mai mulki ba ne? Da ya ce a kashe jarirai, uwar Musa ta ce masa hadir, an gama ranka ya daɗe?"

Butrus ya kawar da kai.

"Ɓoye shi ta yi," in ji shi.

"Ta sa shi a ruwa. Wannan ruwan da ka kulle, can ƙasar Fir'auna yake gangarawa. Ka tambaye shi."

Ya daɗe yana duban dawar, yana juya makulli a hannu. Hannatu ta sauke fartanya, ta tofa yawu a tafinta.

"Tsaya, ya Hajja. Uwar Musa ba ta ɗauki makami ba, ita ma. Ƙin yi kawai ta yi." Ya hau kan ƙofar. "Ba zan yi tawaye ba, ba kuma zan yi ƙarya ba. Zan buɗe, sannan in je in gaya wa mufattish da bakina. Abin da ya yanke, na ɗauka."

"Wannan wane irin tawaye ne, mai kai kansa ƙara?"

"Irin namu."

Ƙarfe ya yi ƙara, ruwa ya kwararo jajir cikin kunyoyi. Hannatu ta tsaya har ya kai ƙarshen gonarta, ya wuce ta Dije maƙwabciyarta. Da Butrus ya kama hanyar ofis, sai ta sha gabansa, fartanya a kafaɗa.

"Ke kuma ina?"

"Kai ka je ka amsa laifinka. Ni na mufattish zan kai masa."