Manhajar da Ba Ta Aiki Sai a Ɗakin Tasi'u

Daren jiya na yi wani mafarki, wai ni ma ɗalibi ne a makarantar koyon kwamfuta, da gemuna da sandata. An haɗa ni rukuni ɗaya da jikata Barira da wani dogon saurayi, Tasi'u. Aikinmu mu ƙera manhajar waya mai gaya wa mutane rijiyar da ke da ruwa. In ba mu nuna wa malami kafin la'asar ba, Barira za ta maimaita shekara.

Muka raba aiki. Barira ta rubuta gaban manhajar, Tasi'u ya rubuta bayanta, ni aka ba ni wayar caji na riƙe a baki, don a garin mafarkin daga jikin tsofaffi ake jan wuta.

Da muka haɗa, manhajar ta yi aiki sumul a ɗakin Tasi'u. Muna fita ƙofa sai ta kwanta, har da minshari.

"A ɗakina dai tana aiki," in ji Tasi'u.

Barira ta ce, "Malam a ɗakinka yake kwana?"

Mu shiga ta tashi, mu fita ta kwanta. Ni kam daɗi nake ji, ina ta shiga ina fita. Barira ta zauna bakin ƙofa tana kuka, hawayen na tafiya sama kamar yadda ruwan garin ke yi.

Na ce, "Amarya, yi shiru kada ki jiƙa tsuntsaye. Tunda ba ta son fita, mu ɗauki ɗakin."

"Kai tsoho, da buta ma sai an miƙa maka?"

Sai ga mu a titi da ɗaki a ka, kowa da gammonsa. Tasi'u dogo, ni gajere, ɗakin ya karkace, kwanuka na zubowa ta taga. Mahaifiyarsa na ciki tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Malamin bunsuru ne mai tabarau. Ɗakin ya ƙi shiga ofishinsa, sai muka shigo da ofishin cikin ɗakin. Ya danna waya da kofato, manhajar ta ce rijiya mafi kusa tana cikin hulata. Ya zura guga, ya jawo, ya sha.

"Da sanyi kuwa," in ji shi. "Amma gida dubu ne a garin nan. Kowa ɗakin za ku kai masa?"

Barira ta ce, "Mun riga mun tsara, Malam. Kullum gida goma."

Ya jawo takardarta ya tauna gefe guda, wanda shi ne sa hannu a can. Barira ta haye. Ta yi tsalle har ta taɓa rufi, ta sauko ta gyara mini gammo.

"Sunkuya, ango. Da gidan mai unguwa za mu fara."

Na sunkuya ke nan, sai na ji maƙwabcina Ila yana ta buga babur ɗinsa da ya ƙi tashi. Na buɗe ido, wuyana a sage.