Ranar da Aka Bar wa Yaya Fitila

Yayana makaho ne, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa a ɗakin duhu na masana'antar da muke aiki. Fim muke yi, irin wanda ake sa wa kyamara a ɗauki hoto a kai wanki. In na faɗa wa mutane haka sai su zaro ido su ce, "Au, har yanzu ana yin wannan?" Ana yi, amma numfashi sama-sama. Tun da waya ta cinye kasuwar hoto aka rufe sashe bayan sashe, injuna suka kwanta a ƙarƙashin tamfol, ƙura ta rufe su. Ni ina sashen zuba kaya a kwali, kuma ni ke kamo hannun Yaya da safe in mayar da shi gida in an tashi.

Fim ba ya shiri da haske. Kafin a rufe shi a ɗan gwangwaninsa, ko ƙyallin ashana ya gani ya mutu. Shi ya sa ake warware babban naɗi a yanka shi a naɗe a cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani. Akwai ƙwan fitila ɗaya a rufin ɗakin don masu shara da masu gyaran inji, an haɗa shi da ƙararrawa. Da an kunna za ta hau kuwwa, ba ta yin shiru sai an kashe. Saboda Yaya aka sa ta. Kullum in ya shiga zai shafa makunni, ya kasa kunne, sannan ya buɗe kaya.

Manajanmu kuwa Gobe-Da-Kyau muke ce masa, don bakinsa bai san wata magana ba. Azurfar da ake haɗa fim da ita ta yi tsada, gobe da kyau. Masu sayar mana da sinadari sun rufe, gobe da kyau. Banki ya ƙi sauraronsa, nan ma gobe da kyau. Sai ya ji labarin wai matasa sun fara sha'awar fim kuma, sun gaji da hoton waya. Ya tara mu yana ta murmushi ya ce za a yi bidiyon talla a sa a intanet, mutane su biya kuɗin fim tun kafin a yi shi, da haka za a tayar da kamfani.

Masu bidiyon suka zo da shugabansu, wani mai hula a juye. Ya zagaya ko'ina yana yatsina, sai da ya ga Yaya ya tafa hannu.

"Wannan shi ne labarin! Baba, kai za mu ɗauka."

"Ni kuma me za a gani a jikina?" in ji Yaya yana dariya.

Aka ba shi guntun fim ɗin da ya riga ya lalace ya yi kamar yana aiki. Da suka kunna ƙwan rufi ƙararrawa ta cika musu kunne, mai hula ya ce tana ɓata musu sauti. Sai suka kashe, suka ɗauko tasu fitilar mai batir suka maƙala a jikin bututu can sama, irin wadda ba ta zafi ba ta ƙara. Manaja na tsaye yana nuna musu inda ya fi. Suka gama, suka naɗe wayoyinsu, Manaja ya ja su ofis cin abinci, ya waiwayo ya ce wa Yaya, "An gama, ci gaba da aikinka."

Yaya ya kulle ƙofa ta ciki. Ya shafa makunni ya ji a kashe, ya kasa kunne ya ji shiru. Ya buɗe babban naɗi, wanda shi kaɗai ya rage mana, wanda muke fatan ya riƙe mu har kuɗin masu saye su shigo.

Da lokacin tashi ya yi na je na ƙwanƙwasa. Ina jin sa yana 'yar waƙarsa a hanci. Ya rufe kaya ya buɗe mini, sai haske ya bugi idona, fari tas, har ina ganin ƙurar da ke kan teburinsa.

"Auta, lafiya kika yi shiru?" ya tambaye ni. "Yau hannuna ya yi gudu, na kusa cinye naɗin."

Har gobe ban san yadda aka yi na iya faɗa masa cewa masu bidiyo sun bar fitilarsu a kunne ba. Na dai ga ya lalubi kujera ya zauna, ya ɗora hannayensa a gwiwa.

Washegari Manaja ya kira taro. Na ɗauka haƙuri zai bayar. Ashe borin kunya zai yi.

"Wannan shi ne haɗarin barin wanda ba ya gani a muhimmin wuri," in ji shi. "Da mai ido ne, da ya shiga zai lura."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, masu ido nawa ne suka fita daga ɗakin nan suka bar fitilar a kunne? Kai ba da idonka ka nuna musu bututun ba?"

"Zauna, ba ke ake tambaya ba."

"Ba zan zauna ba! An bar jaki ana dukan taiki."

Abokan aiki duk suka sunkuyar da kai, har waɗanda Yaya ya koya wa tafiya a duhu yana riƙe da hannunsu. Kowa na tsoron bakin abincinsa. Aka ce Yaya ya je gida ya huta har sai an neme shi.

Bidiyon dai bai fasa fita ba. Aka sa masa kiɗa mai taushi, ga Yaya yana shafa mataccen fim cikin hasken fitilar da ta kashe mana na gasken. Mutane suka yi ta kuka a intanet suna tura wa juna. Oda ta yi ta shigowa kamar ruwan sama, har bankin da ya kore mu ya bugo waya. Aka sayo azurfa, aka yaye tamfol daga kan inji, aka buga hoton Yaya a jikin kwali. Ni ke naɗe kwalayen da hannuna, shi kuwa yana gida a zaune yana jin rediyo. Na tsani wurin nan a kwanakin, na tsani kaina da nake ci gaba da zuwa.

Da masu saye suka fara tambayar ko za su iya zuwa su gaisa da shi, sai ga Manaja a ƙofar gidanmu da kwalin lemo, wai abin da ya wuce ya wuce.

"Yaya, kada ka koma," na ce masa a gaban mutumin. "Su kira mai hula ya naɗa musu."

"Auta, gidaje da yawa ke ci a wurin nan," in ji shi. "Kuma ni wane aiki na iya bayan shi?"

Ranar da ya koma na raka shi har ƙofar ɗakin duhu, na juya zan tafi sashena, sai ya riƙe mini mayafi.

"Shigo tukuna."

Na shiga, ya kulle ƙofa. Na ji ya shafa makunni. Na ji ya bi bango da hannu, ya taka kujera yana laluben bututu daga wannan kusurwa zuwa waccan, mutumin da ya fi rabin rayuwarsa a ɗakin nan bai taɓa tambayar kowa komai ba. Ya sauko ya tsaya a gaban sabon naɗi, na jira in ji ƙarar murfi, ban ji ba.

"Auta, me kike gani?"

"Ba na ganin komai, Yaya."

"Duba sama."

"Na duba. Duhu ne."

Ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Rantse."