Rumbu na Biyu a Kwamfutar Fermín

A'a, Maritza, saurara. Kuɗin kiran naki ne, amma bakin nawa ne, ki bari in gama. Ban kashe kwamfutar nan ba. Suma ta yi na kwana uku, kuma ta farfaɗo. Reinaldo mijin ƙanwarki ne, dole ya zuzuta miki labarin don a san ya yi aiki.

Kin san babanki Fermín ne ya haɗa ta da hannunsa. Akwatin daga wani ofis da aka rufe, fankar kuma da kaji biyu ya yi musayarta, sauran kayan cikin ban tambaya ba don kada in zama shaida. Bidiyonsa ɗaya tak da ya rage mana yana cikin rumbun ajiyarta: ranar da na cika saba'in, yana buga wasan domino a baranda. To rumbun ya cika. Duk Litinin in Yusimí mai sayar da finafinai ta zo zuba mini na mako, sai ta ce, "Doña Eulogia, babu wuri, me za a goge?" Ni da ban iya karatu ba, in na yi ta nuna wancan da wancan, wata rana babanki zan nuna. Shi ya sa na roƙe ki rumbu na biyu, kika aiko daga Sifen, na gode.

Talata ya iso. Reinaldo ya ce sai Asabar zai zo ya sa shi. Abu yana kan tebur cikin ledarsa, ina kallonsa yana kallona. Laraba aka ɗauke wuta tun safe, na ce ai ga dama, yau babu abin da zai ja ni. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Onelia, tunda shekara talatin ta yi tana aikin jinya.

Ta ce, "Logia, ni mutane na yi wa allura, ba injuna ba."

Na ce, "Duk ciki ne. Riƙe tocila."

Da wuƙar cin abinci na kwance kusoshin. A ciki akwai ƙura, da wani kyankyaso da ya rasu tun babanki na da rai. Na ga tsohon rumbun, kamarsa ɗaya da sabon, wayoyi biyu a soke a bayansa. Na laluba ko'ina, babu wasu wayoyin da ke zaune babu aiki.

Ke a gidan nan kika girma. Shekarar da kika yi jarrabawa ƙwan fitila ɗaya gare mu, in za a yi girki a kwance shi daga falo a kai kicin, a gama a dawo miki da shi. Kan famfon banɗaki ma na kicin ne. Sai na ce tsoho ya ara wa sabo wayoyinsa, shi ya ɗan huta.

Onelia ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Haihuwa huɗu na yi, ban karanta takardar kowa ba."

Wayar ta ƙi fita, na fizge ta kamar ina figar kaza. Na soka wa sabon, muka rufe, muka sha kofi muna yabon kanmu.

Da la'asar aka kawo wuta. Na danna. Fanka ta juya, allo ya yi baƙi, ga wani farin rubutu layi ɗaya a sama. Onelia ta sa tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Turanci ne."

"To me ya ce?"

"Ban sani ba. Amma na sha ganin irin wannan fuskar a asibiti."

Na kashe, na sake buɗewa, na mayar wa tsohon wayoyinsa. Baƙi dai. Ina zan san ɗaya bakin wayar ya tsinko daga babban allon lantarkin da ke can cikin akwatin lokacin da na fizga? Ni abin da na sani shi ne na goge mijina da hannuna.

Ba zan ɓoye miki ba, kukan da na yi ya fi na ranar jana'iza, don ranar akwai baƙin da zan dafa wa kofi. Na rufe akwatin da farin ƙyalle, na ɗora kofin ruwa a kai kamar yadda ake yi wa mamata, na kunna kyandir, na ajiye wa babanki rabin sigarinsa. Na ce wa Onelia kada ta gaya wa kowa. Zuwa Juma'a layinmu duk sun zo gaisuwa, har da matar mai burodi da ba ma magana.

Asabar Reinaldo ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dafe kai.

"Mama, ruwa a kan kwamfuta?"

Na ce, "Ba nata ba ne, na surukinka ne."

Ya sauke kayan, ya buɗe, ya tura yatsa ɗaya, na ji ƙas. Ya ciro wayoyin na'urar faifan sidi da ke cikin akwatin, wadda ta mutu shekaru, ya ba sabon rumbun. Ashe wayoyin suna nan, a jikin mushe. Ya kunna. Sai ga babanki cikin singileti, yana buga domino yana dariya, ya ɓoye ƙwaya ɗaya ƙarƙashin cinya kamar kullum. Na tashi na hure kyandir ban kalli kowa ba. Yanzu yana cikin rumbu biyu, Reinaldo ya kwafe shi.

To na ji shawararku ke da ƙanwarki. A sa wa akwatin kwaɗo, makulli ya zauna wajen Reinaldo, tsohuwa ta daina taɓawa. Ban ƙi kwaɗon ba, na ma cancanci biyu. Amma makullin a wuyana zai zauna, Maritza. Wanda ke cikin akwatin nan mijina ne, ba mijin Reinaldo ba.