Ramin da Fensir Bai Shiga Ba

A kwarinmu, in mutum zai sayi bindigarsa ta farko, shagon kafinta na babana Oddvar yake fara zuwa kafin ya je kanti. Tambayar kullum ɗaya ce: wace bindiga ce guda za ta yi wa mutum komai, daga dila da barewa har elg, naman dajin nan mai ƙaho wanda namijinsa ya fi doki girma, tunda ba kowa ne matarsa za ta yarda ya cika kabad da ƙarfe ba. Amsar Baba ba ta canjawa: tara-da-uku, mai babban harsashi, don mu da awon harsashi muke kiran bindiga. Uku-sifili-takwas, wadda nake riƙewa, ya ce ba laifi, ta masu tsoron kafaɗarsu ce. Shida-da-rabi kuwa ko sunanta ba ya kira, allura yake ce mata, saboda sirantar harsashinta.

Hujjarsa tana maƙale a bangon shagon, takarda ce mai ramin harsashi biyu. Sai ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa ya zira a babban ramin, ya wuce zuruf. Ya kai shi ƙaramin, ya cije. Daga nan ya ce ramin da fensir bai shiga ba, rai ba ya fita ta nan. Na ji wannan magana har na gaji, amma duk ranar da ya yi ta sai na yi dariya, don ni 'yar babana ce, bakina ma irin nasa ne.

Mai allurar shi ne Eilif, maƙwabcinmu, tsohon direban motar madara, ɗan siririn mutum wanda ba ya gama magana sai ya yi tari. Shida-da-rabin ta ubansa ce, da ita yake harbin komai. Tare suka shiga ƙungiyar farautar elg da Baba tun ba a haife ni ba, kuma tun lokacin Baba ke tsokanarsa a bakin wuta, ana dafa kofi: wai ko ya zo da zare, wai ko elg ya gode da rigakafin da aka yi masa. Eilif sai ya yi tari ya miƙa kofinsa a ƙara masa.

Bara wasan ya yi muni. Wata macen elg ta ratsa tsakanin wuraren da Baba da Eilif suka laɓe, su biyu suka harba, ta shige daji da rauni. Sai washegari kare ya gano ta a fadama, da ranta, harsashi a tumbi. A wurinmu babu abin kunya kamar wannan. Baba ya faɗa a gaban kowa cewa ga aikin allura nan, lokaci ya yi da za a hana ta shiga daji. Ni ma na sa baki, na ce a kai ta wa tela. Eilif ya naɗe hannun riga ya kama fiɗa.

Bana, da muka fara fita gwaji a filin harbi, na tsaya bayan Baba don in riƙe masa akwatin harsashi, sai na lura da wani abu. Kafin ya ja kunama yana rufe ido. Duka biyun. Kafaɗarsa ta dama, wadda likita ya yi wa aiki, tana janyewa tun bindigar ba ta yi shuri ba. Tara-da-uku tana shuri kamar doki, kuma jikin Baba ya riga ya koyi tsoronta ba tare da ya gaya masa ba. Na so in yi magana a mota, na kasa. Ta ina zan fara? In ce wa mutumin da rabin kwarin ya sayi bindiga da bakinsa ya koma allura?

Ba a shiga farautar elg sai an ci jarrabawar harbi ta shekarar, da bindigar da za a riƙe a daji. Harsashi biyar, duka a cikin da'irar da ke ƙirjin hoton dabbar da aka manna a allo. Baba ya yi ta ɗage ranar, yau yana da aikin tagogi, gobe iska ta yi yawa, har aka kai rana ta ƙarshe, wadda in mutum ya faɗi babu sake. Eilif ma sai ranar ya zo, ya ce mura ce ta riƙe shi. Idan Baba ya faɗi, zai zauna gida a karon farko tun yana saurayi, kuma kowa zai san dalili.

Magnhild, malamar makarantarmu, ita ke kula da filin. Ta kwantar da su a layi, Baba a hagu, Eilif a damansa. Baba ya leƙa ya tambaye shi ko ya wasa allurar. Mutanen da ke baya suka yi dariya, da kofi a hannunsu.

Aka fara. Ni na riga na ci tawa tun da wuri, don haka ina tsaye ina kallon tudun ƙasar da ke bayan allunan. Harbin Baba na biyu ya tayar da ƙasa a gefe, ko takardar bai taɓa ba. Na huɗu ma haka. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Sai na lura Eilif bai gama nasa ba, yana kwance shiru yana jira. Da Baba ya saki na biyar, bakin allurar ya ɗan karkata hagu, kaɗan, ta yi kuka sau biyu.

Muka taka zuwa alluna. Magnhild ta fara da na Eilif, ta ga rami uku kawai, a dunƙule. Ta dube shi. Ya yi tari ya ce ido ne, tsufa ya zo. Ta matsa allon Baba ta ƙirga biyar, duka a cikin da'ira. Uku manya ne, a warwatse, ɗaya ma yana lasar layi. Biyu ƙanana ne, a tsakiya, kusan suna taɓa juna.

Babu wanda ke wurin da bai iya karanta takardar nan ba. Baba ne ya koya musu. Wani ya hau gyara hularsa, wani ya tuna ya bar kare a mota. Magnhild ta laluba aljihunta ba ta sami abin rubutu ba, ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, biyar ne, in wani zai ara mata alƙalami ta sa hannu.

Baba ya kai hannu bayan kunne. A raina ina roƙonsa ya miƙa mata kawai. Wallahi abin da nake so ke nan, ya karɓi takardarsa mu tafi gida, a bar Eilif da faɗuwarsa. Har yau in na tuna na so haka, kunya nake ji.

Bai miƙa mata ba. Ya zira fensirin a babban rami, ya wuce. Na biyu, ya wuce, na uku ma haka. Ya kai shi kan ƙaramin. Ya cije. Ya daɗe a haka, wuyansa ya yi ja har cikin kwalar riga.

"Waɗannan biyun ba nawa ba ne, Magnhild," ya ce. "Ki mayar wa mai su."

Ta ce masa ba ta da ikon haka. Harsashin da ya faɗa allon wani ya tashi a banza, ga mai shi da mai allon. Ke nan su biyu sun faɗi.

Baba ya juya ga Eilif. "Wa ya aike ka?"

"Iska ce ta kwashe su," in ji Eilif. "Ka san allura ba ta da nauyi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ba Magnhild fensirin, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta mayar masa. Bai sa shi a kunne ba, aljihu ya jefa shi.

A mota ya ƙi tayar da inji. Muna kallon Eilif can gefen fili yana goge bindigarsa da tsumma kafin ya sa ta a jaka. Baba ya tambaye ni tun yaushe na san yana rufe ido. Na ce tun farkon bazara. Ya tambaya ko sauran sun sani, na ce ban sani ba, kuma ƙarya nake, don na ga yadda suke kawar da kai in ya kwanta harbi. Ya gyaɗa kai yana murza kafaɗarsa.

Can ya ce, "Jorunn, macen nan ta bara. Wa ya feɗe ta?"

"Eilif."

"Shi da wa?"

Sai a lokacin na tuna. "Shi kaɗai, Baba. Cewa ya yi mu je mu sha kofi, zai iya."

"To ya ga ramin da ke tumbinta," in ji Baba. "Ya san faɗinsa. Ni kuma ina bakin wuta ina..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma na tuna abin da na ce game da tela, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin nan ya sha zaginmu shekara guda yana sane harsashin Baba ne ya sami macen a tumbi, yau kuma ya ba da farautarsa a kai.

Baba ya buɗe ƙofa ya fita. Ya bar tara-da-uku a kujerar baya, ya cire hularsa tun daga nesa, ya nufi motar Eilif a hankali. Ni na kasa bin sa, na zauna da akwatin harsashi a cinya.