Tankin Baba Tela

"A hankali! Gilas ne fa, ba buhun siminti ba!"

Baba Tela ne ke ihu daga saman bene, mu huɗu muna nishi da sabon tankin kifinsa a kan matakala. Ƙofata na kallon tasa shekara goma sha ɗaya, kuma da yake aikin lantarki nake yi, ni na haɗa masa fitila da injin iska mai hura wa kifi kumfa tun yana da ƙaramin tanki. Tun da matarsa ta rasu idonsa kuma ya daina ganin kafar allura, jajayen kifi uku da wani baƙi mai lasar gilas su ne abokan hirarsa. Sun girma har babbansu ba ya iya juyawa sai jelarsa ta goge bango.

Ya ture keken ɗinki gefe, muka ɗora tankin a teburin yanka yadi. Shi da kansa ya wanke tsakuwa sau biyar a bokiti, ya cika tankin da ruwa, ya matso soson tace ruwa na tsohon tankin a ciki.

"To Baba, mu zuba kifin mana," na ce.

"Kai da gaggawa kamar wutarku. Ruwan famfo sai ya kwana bakwai. Ka zuba su yau, gobe ka kwashe gawa."

Rana ta uku ya kira ɗansa, wanda kowa ke ce wa Manaja, ya zo ya gani. Ina tsaye na ji amsar ta waya: "Baba, ina mitin. Kifin da ba a ci ne zai taso ni daga ofis?" Tsohon ya yi dariya wai yaron nan akwai barkwanci, amma ya daɗe yana goge gilashin da babu ko ƙura a kansa.

Rana ta biyar matata ta same shi a zaune a ƙasa, hannu a ƙirji. Ni na kai shi asibiti, ni na kira Manaja sau shida. A kan gadon ma maganarsa ɗaya ce: "Jibi da safe. Ka kwashi kifin a leda, ka saka su a sabon tankin da ledarsu tukuna, ruwan ya saba musu." Washegari da hantsi ya cika.

Sai ga motoci sun cika layinmu. Mutanen da ban taɓa gani a benen nan ba suna kuka har da shessheƙa.

Kwana biyu bayan an binne shi na ji ruwa na zuba ta tagar ɗakinsa. Na shiga na tarar da tiyo a cikin babban tankin, ruwan da tsoho ya yi ta lallaɓawa yana bin kwata. Ƙaramin tankin kuwa an cire masa injin iska, an jona wayoyi huɗu a soket ɗin. Babban jan kifin ya mutu, yana yawo a saman ruwa, ciki sama.

"Wa ya cire wannan?"

"Caji muke yi," in ji matar Manaja, ko kallona ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Manaja, "da ransa ya ce ka zo ka gani ka ce kana mitin. Yau ka samu lokaci?"

"Malam, ka san da wa kake magana? Kayan ubana ne. Ofis zan kai tankin, a zuba furannin roba, ya yi kyau a wurin baƙi."

"Kifin fa?"

"In kana so ka soya."

Wallahi da ba don matata ta riƙe min riga ba, da an ji mu a ƙasan bene. Na fizge cajojin na watsar a kujera, na rungumi ƙaramin tankin da ruwansa yana fantsamar min a ƙirji, na fita. Ba wanda ya riƙe min ƙofa.

Da yamma ina taga aka sauko da babban tankin, an kifa shi a bayan mota an ɗaure da igiya. Matata ta kwashe kayan guga daga kan tebur, na jona injin. Jajayen biyu suka lafe a kusurwa ɗaya, sun ƙi abinci. Ta jawo kujera ta zauna gabansu da tsintsiyarta a cinya, kumfa na tashi ɗaya bayan ɗaya.