Ruwan Randar Goggo

Bututun ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya amayo wani jan ruwa mai warin kwata. Hannatu ta janye robarta gefe ta bar shi yana zuba a ƙasa. Durƙushe take cikin ramin ƙofar gidansu, laka har idon sawu, rana na dukan ƙeyarta ta cikin hijabi. Daga farkon layin har ƙarshensa haka mata suke, kowace cikin raminta, kawuna kawai ake gani. Ranar da aka kawo ruwa, kulle hutu yake tafiya.

"Bar shi ya wanke baki tukuna," in ji Hamida, maƙwabciyarta ta ramin sama. "Yau kam da datti ya kwana."

A wannan gari da ke kan hanyar Ƙaraye zuwa Rogo, kowane gida akwai kan famfo a tsakar gida, an kafa shi shekarar zaɓe. Sai dai ruwan bai taɓa samun ƙarfin hawa ba. Ga dam can Ƙaraye, ruwa iya ganinka, amma na famfon garin rarrafe yake yi. Da maza suka gaji da murɗa kan famfo suna jin iska, sai kowa ya ɗauki diga ya tona ƙofar gidansa har ya tarar da bututu, ya yanke shi, ya toshe da tsumma da leda. Shi kuwa bututun a gefen kwata aka shimfiɗa shi, domin wanda ya yi aikin ya tarar da haƙa a shirye, bai ga dalilin wahalar da kansa ba.

Jan ya wuce, ruwan ya fara washewa. Hannatu ta tara farar robar da take wa 'yarta wanka a ciki. Da ta kai rabi sai ta tsaya tana kallo. Ruwan ba fari ba ne. Akwai shuɗi-shuɗi a cikinsa, kaɗan, irin wanda sai a farin mazubi ake gani.

"Hamida, jiya kin yi wanki?"

"Na yi. Fararen kayan maigidan nan."

"Da bula?"

"To da me zan ɗauraye farin kaya?"

"Ina kika zubar da ruwan?"

Hamida ta yi dariya. "A aljihu na zuba. Kwata mana."

Hannatu ba ta yi dariya ba. Ta tuna ƙarar da bututu kan yi duk sanda aka ɗauke ruwa, wani zuƙa mai tsawo kamar yaro na shan kunu. Ashe ba iska yake zuƙa ba. Duk abin da ya kwanta a ramukan layin nan shi yake ja ciki, ya ajiye musu sai wani zuwan. In bular Hamida ta iya shigowa, me ya hana ruwan makewayin gidan Hamida, da na gidan da ke sama da shi? Ta waiga ta dubi gida, don a ɗaki ta baro 'yarta Bahijja kwance, gudawa ta ƙi tsayawa.

* * *

Bahijja ba ta cika shekara biyu ba, kuma ita ce ta fari. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaure bakin Hannatu. Uwa ba ta nuna damuwa a kan 'yar fari gaban surukai, ko sunanta ba ta kamawa, sai "yarinyar nan".

Goggo, mahaifiyar Daudu mijinta, ta zo dubiya da yamma daga gidanta na bayan masallaci. Ta ɗaga yarinyar, ta taɓa maɗigarta, ta ja fatar cikinta ta saki. Sannan ta dubi Hannatu tun daga wuya har ƙasa, kallon da ba ya kuskure.

"Wata nawa?"

Hannatu ta sunkuyar da kai.

"Na sani. Ciki ta sha. Nonon mai ciki dafi ne ga yaro, kowa ya san haka. Haɗa min kayanta, yau zan tafi da ita. An yaye ta."

"Goggo, ni ina ganin kamar ruwa ne," Hannatu ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Duk sanda aka kawo famfo sai abin ya tashi. Yau har bula na gani a ciki."

"Bula?" Goggo ta riƙe haɓa. "Ai bula wanki ake yi da ita, 'yar nan. Ke ba kya sa alif ne? Ni in na jefa alif a randata, kafin la'asar duk dattin ya kwanta, ruwa ya yi garau. Launi bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba, ba ya wari. Ruwan da za a yi alwala da shi a tsaya gaban Ubangiji, shi ne zai cuci yaro?"

Me za ka ce da wannan? Hannatu ta san akwai amsa, amma ba ta da bakin faɗinta ga uwar mijinta. Ta haɗa 'yan riguna a leda. Goggo ta saɓa yarinyar a baya, ta ɗaure da zane, ta ce kada Hannatu ta taka gidanta sai yarinya ta manta nono. Haka aka raba Bahijja da abu ɗaya tak da take sha wanda bai bi ta kwata ba.

* * *

Daudu mai gyaran babura ne, ba mutum ne mai gardama ba. Da Hannatu ta nuna masa robar, ya daɗe yana kallon shuɗin, ya ce zai ga Ilu.

Ilu shi ke buɗe ruwa daga tankin bayan gari. Daudu ya same shi a inuwar tankin yana jin rediyo. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, sannan ya kawo maganar.

"Malam Daudu, hau ka leƙa," in ji Ilu. "Ruwan da ke tankin nan fari ne tas. Daga nan lafiya lau yake fita. Ku ne kuka yanka bututu gida-gida."

"To ai don ba ya hawa muka yanka."

"Yaya za a yi ya hau, alhali kun huda shi ko'ina?"

"Tun kafin a huda ba ya hawa, Malam Ilu."

"Wannan kuma sai na sama. Ni buɗewa aka ce in yi, in rufe."

"Na saman suna ina?"

Ilu ya nuna gabas da leɓe, ya ƙara muryar rediyo.

Daudu ya dawo ya tsaya bakin raminsa da shebur a hannu. Ya dubi sama, ramin Hamida, da na gaba da shi, da na gaba, har kwanar mahauta. In ya cike nasa, gidansa ne zai rasa ruwa, bututun kuma ya ci gaba da shan kwatar sauran. Rijiyar masallaci ta ƙafe tun farkon bazara. Ya jingine shebur a zaure.

"Na yi magana," ya ce wa Hannatu.

"Sai aka ce me, Malam?"

"An ce laifinmu ne."

Hannatu ta juya ta bar shi a tsaye. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, rigarta ta jiƙe, tana matse nonon a bayan ɗaki tana zubarwa a ƙasa.

* * *

Abin da ya rage mata shi ta yi. Kullum da safe takan hura kara, ta tafasa ruwa har ya yi ta bori, ta tace da sabon kallabi, ta cika 'yar jarka ta rufe gam. Daudu ya biya da ita gidan Goggo kafin ya wuce gareji.

"Ka ce mata don Allah wannan kaɗai za a ba yarinyar nan. Ko koko da shi za a dama."

"Na faɗa mata."

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa, har da sa miki albarka."

Da yamma jarkar kan dawo wayam. Hannatu ta riƙa jijjiga ta tana jin daɗi, ta ce a ranta ashe yarinyar na sha sosai. Amma labarin da ke biyo jarkar ba ya canzawa. Jiki da sauƙi, in ji Daudu, yana kallon wani wuri. Sauƙin da ake faɗa wa mutum ana kau da ido, Hannatu ta san irinsa.

Ranar da ya dawo da jarkar bai ce ma da sauƙi ba, ta zari hijabi. Ba ta nemi izini ba, shi ma bai hana ta ba.

Ta tarar da Goggo zaune a tabarma gindin darbejiya, Bahijja kwance a cinyarta. Hannatu ta matsa kusa. Idanun yarinyar sun faɗa, maɗiga ta lotsa, leɓɓa sun bushe sun tsage. Ta buɗe ido ta ga uwarta, ta motsa baki, kukan bai fito ba. Goggo ita ma ta rame, da gani ba ta barci. Tana riƙe da moɗa tana ɗiga wa jikarta ruwa a baki da haƙuri, kaɗan-kaɗan.

Hannatu ta durƙusa ta gaishe ta. Idonta na kan moɗar. Jikin moɗar a jiƙe yake da raɓar sanyi.

"Goggo, wannan ruwan daga ina?"

"Daga randa mana."

"Na jarkar fa?"

"Yana ciki. Ai kullum da ɗuminsa yake zuwa, 'yar nan. Wa zai ba marar lafiya ruwan ɗumi a wannan zafin? Da ya iso nake juye shi a randa ya yi sanyi. Ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba, na san wahalar da kika sha."

Hannatu ta dubi randar, babba, a kafe a inuwa, an rufe ta da faifai mai tsabta. Duk karan da ta ƙona, duk hayaƙin da ta shaƙa da tashin zuciya, nan suka ƙare, cikin ruwan famfon da alif ya wanke wa fuska. Ta so ta yi ihu. Ta so ta ɗauki taɓarya ta fasa randar nan. Amma tsohuwar na kallonta ne da idon mai jiran a gode mata.

Ta miƙa hannu ta ɗauke 'yarta daga cinyar Goggo.

"Ke, me kike yi? Za ki ɓata yayen."

"Bahijja ce, Goggo," ta ce, karo na farko da sunan ya fita bakinta a gaban surukarta. "Asibiti zan kai ta."

A kan babur, tsakaninta da bayan Daudu, ta tura yarinyar cikin hijabi ta sa mata nono a baki. Bahijja ta kama, ta ja sau ɗaya, ta saki. Ba ta da ƙarfin ja.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa, daga ƙarshe ta samu a ka. Tana ɗaura ƙarin ruwa tana faɗa.

"Sai yaro ya ƙare ku kawo shi. Wa ya ce a yaye ta tana gudawa? Wane ruwa kuke ba ta?"

"Na famfo," in ji Daudu.

Matar ta yi tsaki, ta nuna gadajen da ke jere, kowanne da uwa da ɗa. "Su ma duk haka suka ce."

Ledar farko ta ƙarin ruwan ba ta ƙare ba Bahijja ta cika.

* * *

Mata suka cika tsakar gidan Daudu, tabarma har ƙofar kicin. Mai shigowa ta durƙusa ta yi gaisuwa, a yi addu'a, a shafa. Daga can gefe Hannatu na jin ƙus-ƙus ɗin da ake yi don kada ta ji.

"Ciki ta sha."

"Allah sarki. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Wajen azahar sai aka ji tari daga ƙofar gida, sannan gurnani. Wata yarinya a waje ta ce an kawo ruwa. Matan suka dubi juna. Hamida ce ta fara gyara mayafi, ta ce bari ta leƙa gida ta dawo. Wata ta bi ta, wata ma ta bi. Babu mai laifi a cikinsu, rabon da a kawo tun kafin rasuwar, randunan kowa sun kusa bushewa.

Goggo ta taso daga inda take, idanunta sun kumbura don kuka. Da kanta ta sa aka ɗauko mata ruwa daga randar gidanta saboda masu gaisuwa, ta ce na nan gidan bai kwanta ba. Ta zauna kusa da Hannatu, ta miƙa mata moɗa da hannu biyu.

"Sha, 'yar nan. Tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba. Ki tuna ba ke kaɗai ba ce yanzu."

Hannatu ta karɓa. Maƙogwaronta ya bushe kamar ta haɗiyi toka, abin da ke cikinta ya motsa kaɗan. A waje ana ta jan bokitai a laka, wata na cewa a bar shi ya wanke baki. Ta dubi cikin moɗar. Ruwan da sanyinsa, garau, har tana ganin 'yar tsagar da ke gindin moɗar.